Cocin Kan Tudu da Zauren Baba

Ba zan cika ku da labarin sahara ba. Duk wanda ya bi ta Agadas ya riga ya ba ku shi, kuma kusan iri ɗaya ne: ƙishirwa, da rana, da direban da bai san Allah ba. Ni abin da ya hana ni sakat a tafiyar nan, tun daga farkonta har ƙarshenta, wani zaure ne na ƙasa da na baro a ƙauyenmu, can yamma da Bici.

Babanmu, Malam Idi magini, shi ya gina shi da hannunsa. Tubali ne da azara, da baka biyu da suka haɗu a tsakiyar rufi, ga sanyi kamar cikin randa ko da tsakiyar bazara ne. A saman ƙofar ya yi zane da yatsunsa tun ƙasar tana ɗanya, layi uku-uku suna bin ƙofar suna nannaɗewa a sama. Yatsansa na tsakiya a karkace yake, azara ce ta taɓa faɗo masa, saboda haka layin tsakiya kullum sai ya ɗan kauce ya jingina da na kusa da shi. Ginin ƙasa kuwa ba ya son a manta da shi. Duk shekara kafin ruwa ya sauka sai an yi masa yaɓe, an shafe shi da makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa da ke hana ruwan sama cin bango. Bayan rasuwar Baba ni nake yi, don ni kaɗai na tsaya na koyi sana'ar. Yayana Sale tun yana saurayi ya koma harkar wake a Dawanau. Da zan tafi na roƙe shi alfarma guda, kada ya bar damina ta sami zauren nan tsirara. Ya ce, "Haba Habu, je ka abinka. Zaure dai ba ƙafa gare shi ba."

A Sabha ta ƙasar Libiya na yi wa wani Balarabe aikin bulo. Mutumin nan kalma ɗaya ya iya, "bukra", wato gobe. Gobe zai sallame mu, gobe zai sa a kai mu bakin teku, gobe zai kawo mana bargo. Goben nan har yau ba ta waye ba. Nakan ɗaga kai in ga sama fayau, in ce yanzu a gida hadari ya fara haɗowa daga gabas. Da na sami waya na kira Yaya Sale na ce, "Yaya, an yi yaɓen?" Ya ce, "An yi, an yi." Da aka miƙa wa Inna wayar sai ta ce, "Ya dai sa an toshe inda yake yoyo."

Teku kuwa, Allah kada ya maimaita. Abin da zan ce ke nan.

A kudancin Italiya na faɗa gonar tumatir, a hannun wani da muke kira Oga Bala. Ranar da na fara jin Hausa a bakinsa sai da na rungume shi, na ɗauka na tsinci ɗan'uwa. Ashe kura na runguma. Motar da ke kai mu gona yana da kaso, katifar da muke kwana yana da kaso, har ruwan da muke sha. Ya yi mana alkawarin takardar zama. Da na gaji na tambaye shi inda aka kwana, sai ya nuna mini kudu da baki ya ce, "In kana gaggawa, ga teku can, ai ka san hanya." Damina ta biyu ta wuce ina tsinkar tumatir ɗin wani, ina tunanin bangon ubana.

Wata lauya ce a ofishin taimakon baƙi ta shigar mini da neman takardar da gaske. Ta ja mini kunne da abu ɗaya: muddin ana duba maganata, in na sa ƙafa na bar ƙasar, komai ya rushe. Ta tambayi sana'ata, na ce magini ne ni, ɗan magini. Bayan wani lokaci aka sa ni a jirgin ƙasa, daga nan mota, muka yi ta hawa har wani ƙauye a kan tudu. Garin kamar ƙauyenmu ranar kasuwa, kowa ya fita an bar tsofaffi da kuliyoyi. Da motar ta tsaya na ɗaga kai, sai na ga gicciye a saman ginin da aka kawo ni in yi aiki.

Na ce yau ni Habu ɗan Malam Idi, duk wahalar nan a coci zan ƙare? Na buga waya ga wani malami ɗan Sanagal da muka zauna tare a gonar tumatir, ya ce, "Bango aka ɗauke ka ka gyara, ba bauta ba. Riƙe sallarka ka yi aikinka." Duk da haka ban taɓa gaya wa Inna ba. Cewa nake wani tsohon gini ne, kuma ban yi ƙarya ba.

Magini ba ya shiga gini bai ɗaga kai ba. Ginin ƙarami ne, da kaɗan ya fi masallacin unguwarmu, amma na dutse ne da farar ƙasa, kaurin bangonsa ya wuce tsawon hannuna. Tagogin sirara ne, sai ka ce tsoron rana ake yi. A gefe akwai hasumiyar ƙararrawa da ta ɗan karkata don tsufa. Rufin baka-baka ne, suna tasowa daga bango suna haɗuwa a sama, na tsaya ina kallo ina cewa wanda ya ɗaura wannan da Baba da sun haɗu da sun sha hira ko ba sa jin yaren juna. Can ƙarshe, wajen gabas, bangon ya lanƙwasa ya yi ɗan lungu kamar inda liman ke tsayawa.

Sannan ga hotuna, babu bangon da aka bari. Ga wani ƙato da sanda yana tsallaka kogi da yaro a kafaɗarsa, kifaye suna zagaya ƙafafunsa. Ga mace da jariri a kan jaki, wani dattijo yana ja. Ga manoma sun sunkuya da lauje suna yankan alkama, ɗaya ya kafa kai a tulu yana shan ruwa. A saman ƙofa kuma ranar hisabi ce, da ma'auni da wuta, har da wani mai awo an rataya masa mudu a wuya. Na ce ashe masu tauye mudu ba a ƙasarmu kaɗai suke ba.

Shugabar aikin wata mata ce, Madam Marta, siririya, mai furfura, da tabarau biyu a wuya. Da ɗan yarensu da na tsinta a gona, da hannu da ka, ta fahimtar da ni cewa hotunan nan sun yi ɗaruruwan shekaru, kuma tun farar ƙasar tana ɗanya aka zana su, launin ya shige cikin bangon ya bushe tare da shi. Mai zanen yakan shafa iya abin da zai iya zanawa a yini ne kawai. Ta haska fitila a kaikaice ta nuna mini inda aikin wata rana ya tsaya na washegari ya ɗora. Wannan na gane shi nan take, don Baba ma yakan ce zane ba ya jiran gobe.

Cutar ginin kuwa siminti ne. Daga ƙasa har tsayin mutum, ciki da waje, an taɓa shafe shi da siminti. Bangon ya kasa numfashi, danshi ya rasa hanyar fita ya yi ta hawa, gishiri ya fito fari kamar kanwa yana ture launin yana zubarwa. Ƙafafun ƙaton nan sun fara zama gari. Aikina shi ne in ɓamɓare simintin nan.

Ranar farko na ɗauko babbar guduma, Madam Marta ta kurma ihu kamar na ɗauko wuƙa zan yanka ɗanta. Ta miƙo mini wani ɗan ƙarfe da bai fi ƙusa ba, da 'yar gudumar katako. Ta nuna mini yadda ake ƙwanƙwasa bango da bayan yatsa a kara kunne: in ya amsa da ƙarfi lafiya lau, in ya amsa kamar ƙwarya to ya rabu daga ciki. Sai ta ce, "Fiyano, fiyano," wato sannu-sannu. Kalmar nan na ji ta har ta fita mini a rai. Ni da nake yaɓe ɗaki guda kafin azahar, sai in yini cur a kan wurin da bai fi faifai ba. In na ɗan saki hannu, tana can saman katako ba ta ma waiwayo ba, sai in ji, "Habu! Fiyano!" Balarabe ya kashe ni da bukra, Baturiya ta ƙarasa ni da fiyano.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne jakin nan. Ƙafarsa ɗaya ta baya ta zube tun kafin mu zo. Na ga Madam Marta ta cike ramin da farar ƙasa ta bar shi fili. Na ce, "Madam, ga launi ga buroshi, a ƙarasa masa ƙafar nan mana."

Ta ce, "Kai ka zana shi?"

Na ce, "A'a."

Ta ce, "Ni ma ba ni ba ce. Abin da ya tafi ya tafi. Ba za mu yi wa mutumin ƙarya a kan aikinsa ba."

Na ce a raina, ikon Allah, mutane da kuɗinsu da iliminsu, jaki mai ƙafa uku suke ajiyewa.

Wanda ya sa na iya zaman garin shi ne tsohon da ke riƙe da makullin cocin, Jino. Baba Jino nake ce masa, shi kuma yana jin daɗin sunan. Da ya gane ba na cin alade sai ya riƙa zuwa mini da burodi da cuku da ɓaure. Ya share mini wuri a gindin wata bishiya a bayan ginin, ya ajiye mini kwali na salla. In lokacin kaɗa ƙararrawa ya yi ina salla, sai ya riƙe igiyar ya tsaya har sai na yi sallama. Ban taɓa roƙonsa ba, shi ya ga dama.

Wata rana muna cin ɓaure na tambaye shi wane mara tunani ne ya yi wa ginin nan siminti. Sai ya nuna ƙirjinsa. Ya ce yana saurayi su da yawa suka tafi ci-rani Jamus, suka haɗa abin da suka samu suka aiko gida a gyara coci, don kada a ce sun manta da garinsu. Ranar da aka gama har biki aka yi. Na yi dariya har da buga cinya. Na ce, "Baba Jino, ai ko a ƙauyenmu mun san ba a sa wa tsohon bango rigar siminti!"

Ban san bakina ne yake ja mini ba. Ba a rufa mako ba Yaya Sale ya kira.

"Habu, albishirinka."

"Goro."

"Ɗan abin da kake aikowa na tattara. Za mu shafe zaure da siminti, ciki da waje. Ka huta da zancen yaɓen nan har abada."

Na ce, "Yaya, don girman Allah kada ka yi. Siminti ba ya zama da ƙasa. Ruwa zai shiga ta baya ya rasa mafita, bango ya narke a ciki kana ganinsa garau a waje."

"Gidan Alhaji Mudi fa? An yi masa, ga shi nan ƙalau."

"Ba shi lokaci ka gani."

"Kai ba ka san abin da ake faɗa ba ne. A majalisa cewa ake ƙaninmu yana Turai, amma ƙofar gidanmu kamar rumbu. Ni nake zaune a garin nan, ni nake shan kunyar."

"To na ji. Ka bar saman ƙofa kawai, inda hannun Baba yake."

"A ɗinka wa mutum riga a bar shi ba hula? Kai da kake ƙasar siminti, kai ne za ka hana mu?"

"Yaya, wallahi yanzu haka siminti nake ɓamɓarewa daga jikin bango. Aikina ke nan, a kansa ake biyana."

Ya yi dariya ya ce, "To Turawan nan ƙoshi ne yake damunsu." Ya kashe waya.

Na kira Inna na yi ta magiya. Ta saurare ni har na gama, ta ce, "Habu, yayanka ne, shi ne babba a gidan. Kuma don kai yake yi. In kana so a yi yadda kake so, sai ka zo."

Na sami Madam Marta na ce gida zan tafi. Ta cire tabarau ta tuna mini maganar lauya: in na fita, takarda ta mutu, sahara da teku da tumatir duk sun tashi a banza, kuma su Inna da ke cin abin da nake aikawa fa? Na fasa tafiya. Na zauna. Ban taɓa jin haushin kaina da na duniya kamar a kwanakin nan ba. Ga ni ina lallaɓa bangon kakannin wasu da ɗan ƙarfe kamar mai cire ƙaya, bangon ubana kuma ana can ana binne shi, da gumina.

Bidiyon da Yaya Sale ya ɗauka ya iso ina kan aiki. Zauren ya zama sumul, toka-toka, ba layi ko ɗaya a saman ƙofar. Muryar Yaya tana cewa, "Ka gani? Kamar a birni!" Murna yake yi tsakaninsa da Allah, wannan ne ya fi ci mini rai. Na nuna wa Baba Jino. Ya daɗe yana kallo, ya mayar mini da wayar, ya dafa kafaɗata. Na koma na ɗauki ɗan ƙarfen na doka da ƙarfi. Madam Marta ta buɗe baki za ta ce fiyano, ta kalli fuskata, ta fasa.

Damina biyu suka ƙara wucewa kafin takardar ta fito. Zuwa lokacin mun gama. Bangon cocin ya bushe, ƙaton nan ya tsira da abin da ya rage na ƙafafunsa, jaki yana nan da ƙafa uku. Ranar da zan taho Madam Marta ta naɗe ɗan ƙarfen da 'yar gudumar a tsumma ta ba ni. Baba Jino ya raka ni har mota, ya riƙe hannuna ya ce, "Mu mun yi shekara da shekaru kafin a cire namu. Kai ka yi sauri."

Da bazara na isa gida. Mutane sun cika ƙofa ana ta sannu da zuwa, ni kuwa idona yana kan bango. Ya tsage daga bakin indararo har ƙasa. Kafin in sha ruwa na kara kunne na ƙwanƙwasa da bayan yatsa. Ya amsa kamar ƙwarya. Na matsa gaba, ƙwarya. Na miƙa hannu saman ƙofa, ƙwarya.

Yaya Sale ya ce, "Lafiya? Ko gaisawa ba mu gama ba."

Na ce, "Yaya, zo ka sa kunnenka."

Ya sa. Na ƙwanƙwasa masa, ya ji da kansa.

Washegari da safe na hau tsani. Ban taɓa yin sannu-sannu irin na ranar ba, da Madam Marta ta gani da ta yi mini tafi. Amma ihu ne bayan hari. Ina zagaye saman ƙofar da ɗan ƙarfen, simintin ya saki gaba ɗaya ya taho hannuna kamar murfin tukunya, ƙasa baƙa mai danshi ta biyo shi tana zuba a kan ƙafafuna. Na duba bangon. Babu komai, rami ne kawai.

Da na sauko na juya ɓallen simintin, sai ga zanen a bayansa. Simintin ya shiga cikin layukan ya ɗauki siffarsu kafin ƙasar ta narke. Inda yatsun Baba suka yi kwari ya zama tudu, layi uku-uku, na tsakiya ya kauce ya jingina da na kusa da shi. Inna ta durƙusa ta bi shi da yatsa tun daga farko har ƙarshe. Yaya Sale ya juya baya yana kallon gona. Can ya ce, "Ni fa don kada a yi maka dariya na yi." Na ce na sani, Yaya. Shi ya je har Shanono ya nemo ɓawon ɗorawa, kuma da kansa ya tuɓe riga ya taka ƙasa.

Sai da muka sake ɗaure bangon tun daga ƙasa. Ranar da na yaɓe saman ƙofa na shafe shi sumul, na fara saukowa. Na riga na yanke shawara fili zan bar shi, yadda aka bar ƙafar jakin nan. Ba ni na zana ba, ba zan yi wa Baba ƙarya ba.

Inna tana tsaye a ƙasa. Ta ce, "Ina za ka? Zana mana kafin ta bushe."

Na ce, "Inna, ai ba hannuna ba ne."

Ta ce, "Shi ubanka a ina ya samo? Zauren kakanka da ya faɗi, shi ya kalla ya zana wannan. Ƙofa ba ta zama haka kamar gidan da babu kowa. Hau."

Na hau. Na kafa yatsu uku a ɗanyar ƙasa na ja, na bi ƙofar, na nannaɗe a sama yadda na sha gani tun ina yaro. Layukan suka fito tsaf, kowanne a hanyarsa, babu wanda ya jingina da wani. Na gwada karkata na tsakiya da gangan, sai ya yi kama da kuskure, na shafe na mayar da shi daidai.

Maƙwabta suka ce ya yi kyau. Yaya Sale ya ce ya ma fi na da. Inna ta ja da baya ta daɗe tana kallo.

Ta ce, "Ya yi kyau, Habu. Allah ya yi albarka."

Sannan ta sunkuya ta rungumi ɓallen simintin nan, da nauyinsa da komai. Na miƙa hannu zan karɓa ta ƙi. Ta shige da shi ɗakinta.